Wuyan Jitar Agali

Libiya na nufa, Agadas na tsaya, kuma har gobe idan aka ambaci sunan garin sai na ji raina ya ɓaci. Ba garin ne ya yi min laifi ba. Wanda ya cuce ni a can ɗan gida ne, mutumin da idan ya buɗe baki sai ka rantse a kasuwar Kura kake zaune.

Sunana Isiyaku, kafinta ne ni. Ƙauyenmu yana bakin babban kanal, tsakanin Kura da Bunkure. Gidanmu kaf manoman rani ne, tumatir da albasa da shinkafa, ni kaɗai na bauɗe na kama zarto. Amma akwai abin da ban bauɗe masa ba. A wajenmu kowane gida yana da alamar da yake sa wa kwandunan tumatirinsa kafin a loda su a mota, don kada su cakuɗe da na wani a kasuwa. Tamu ƙafar kaza ce da ɗigo ɗaya a ƙasanta. Baba bai yarda komai ya fita daga gidansa babu ita ba, kwando ne, buhu ne, ko ƙotar fartanya. Da na fara sana'a sai na riƙa gasa ƙusa a wuta ina zana ta a ƙarƙashin duk abin da na ƙera. Abin ya zame min jiki, har ba na sanin na yi.

Shekarar da tumatir ya ruɓe a gona don rashin mai saye, ba wanda ya ba da aikin ƙofa ko gado a ƙauyenmu. Lokacin wayar hannu ta fara shigowa, kowa yana jin labarin waɗanda suka haye Libiya suna aiko da kaya. Na ɗaure akwatin kayan aikina na bi sahu.

A tashar Damagaram aka fara koya min karatu. Wani ɗan kamasho mai farar riga, sai Malam yake ce min, ya karɓi kuɗin mota har Sabha ta Libiya, ya sa ni a bayan wata akori-kura, ya yi min addu'a mai tsawo. Kwana biyu muna shan rana. Da muka shiga Agadas direba ya kashe mota ya ce iyakarsa ke nan, shi bai san wata Sabha ba, bai kuma san mai farar riga ba. Aka sauko min da akwatina daga saman kaya, kwaɗon a karye. An kwashe zarto da abin shafe katako da maɓurgi. Ɓarawon ya yi min adalcin barin guduma da sukuddireba da kurfi ɗaya, ina jin sun yi masa nauyi ne.

Kwana tara na yi a tashar Agadas. Yunwa ba ta dame ni kamar rashin ruwa a ido ba. Mutumin da ya tashi yana jin kanal na gudu a bayan ɗakinsa, yana shaƙar ƙamshin shinkafar da mata ke turarawa, sai ga shi inda ko ciyawa ba ya gani. Na sha zama a gindin bango ina zagin kaina da ƙafar da ta kawo ni.

A rana ta tara ina gyara wa mai shayi bencinsa don ya ba ni burodi, sai na ga wani dogon Buzu ya tsaya yana kallon hannuna. Da na gama ya ce, "Bakano, ina kake kwana?"

Na nuna masa bangon. Sai ya ɗauki akwatina ya yi gaba. Sunansa Agali. Ya kai ni bayan gari inda yake zaune da tsohuwarsa a wani fili mai rumfar tabarma. Tsohuwar ba ta jin Hausa, ni ba na jin yarensu, amma kullum da safe sai ta turo min ƙwaryar nonon akuya da ƙafarta ta kawar da kai, kamar ba ita ta yi ba. Agali makaɗi ne. Jita yake kaɗawa a gidajen biki, irin mai amfani da lantarki, amma ta aro ce. Duk ranar da mai ita ya ga dama sai ya karɓe abarsa.

Na yi kusan mako uku a wajensu kafin ya nuna min abin. Bayan la'asar ne, muna shan shayi, ya shiga rumfa ya fito da wani abu naɗe a tsohon rawani.

"Kai ka san katako. Duba wannan."

Dogon katako ne sumul, an jera masa siraran ƙarafa a gicciye, kansa da huji shida. Wuyan jita ne. Ya ce na wansa ne, wanda ya koya masa kiɗa. Motarsu ce ta kife a hanyar Arlit, wan ya rasu, jitar ta tarwatse, wuyan kaɗai aka tsinto. Ya juya shi ya nuna min bayan kan. Wan ya rubuta sunansa a wurin da tsinin wuƙa, da irin rubutun Buzaye mai zagaye da ɗigo-ɗigo. Yana magana yana shafa rubutun da babban yatsansa, wurin har ya yi sheƙi don yawan shafawa.

Ni ban taɓa riƙe jita ba. Iyakata gurmi da garaya, su ma daga nesa. Amma na sha nonon gidan nan mako uku. Bakina ya riga hankalina, na ce, "In dai katako ne, zan yi mata jiki."

A cikin kwanakin nan ne na haɗu da Alhaji Mamuda. Yana da kanti kusa da tsohon masallaci, yana sayar wa Turawa masu yawon buɗe ido kayan zamanin da. Ya ji Hausata a kasuwa ya riƙe min hannu ya ƙi saki. "Ɗan Kura? Allahu Akbar. Ai kakata 'yar Dawakin Kudu ce. Kai da ni abu guda ne, ɗan gida." Ya ba ni aiki a bayan kantin, ya ba ni zarto da komai. Aikin shi ne in ƙera ƙananan akwatuna da kujerun zama, shi kuma ya sa a turara su da hayaƙi, a shafe su da dusar shayi, a binne su a rairayi mako biyu, a tono su sun zama na kakannin Buzaye. Na san ƙarya ce. Na ce wa kaina nawa katako ne, ƙaryar tasa ce. Wannan laifina ne, ban kuma ɗora wa kowa ba.

Da rana tsaka, idan gari ya yi zafi kowa ya kwanta, sai in kama aikin jitar. Agali yana da hoton wansa riƙe da tsohuwar jitar, irin ta zamanin da ce, mai ƙaho biyu, gefenta baƙi, tsakiyarta ruwan zuma. Na zana siffar a takardar siminti sau bakwai kafin ta yi kama. Katakon kuwa na maɗaci ne, daga gadon bayan wata matacciyar motar kaya, roka, a tasha na ɓamɓaro shi, da kuɗina na saya. Sai da na yi kwana goma sha ɗaya ina sassaƙa da kurfi kafin na fitar da gurbin da wuyan zai zauna, don in ya yi sako-sako ko da kaurin takarda ne aikin ya lalace.

Sauran kayan ɗaya-ɗaya suka zo. Kunnuwan ɗaure tsirkiya shida daga matattun jitoci uku muka tattaro su, ba biyu masu kama da juna sai ka ƙura ido. Maganaɗisun da ke ɗaukar sauti, waɗanda makaɗa ke ce wa fikof, wani direba abokin Agali ya kawo su daga Arlit a cikin safa. Jakin da tsirkiyoyi ke hawa, wani maƙerin azurfa ya yanka mana shi daga tagulla. Wayoyin ciki kuwa wani Bayarabe mai gyaran rediyo ne ya zaunar da ni ya koya min liƙi da dalma, ya nuna min wayar da za a kai jikin jaki don kada jitar ta riƙa gunji. Na miƙa masa kuɗi ya ture hannuna, ya ce dukkanmu baƙi ne a nan.

Wurin jakin nan na yi shirme. Na dubi hoton, na dubi katako, na kafa shi da ido inda na ga ya yi kyau. Muka ɗaura tsirkiya, Agali ya gwada. Kusa da kai sautin daidai, yana gangarowa ƙasa sai ya ɓata fuska.

"Tana ƙarya, Bakano."

"Katako ba ya ƙarya," na ce, don raina ya sosu.

Ya yi dariya ya nuna min. Ashe daga kan wuya zuwa ƙarfe na goma sha biyu, da daga nan zuwa jaki, dole tsawon ya zama ɗaya. Na ce to ai wannan awon gona ne, da ka faɗa tun farko. Na samo zare na auna rabin farko, na ninka shi kamar yadda muke ninka igiya in za a raba fili tsakanin 'yan'uwa biyu. Jakin ya kauce da faɗin yatsa guda. Na cike hujojin, na sake hudawa, ina ta ƙunƙuni.

Ranar da na ɗaura wuyan da sukurori huɗu, Agali ya aro amfilifaya mai ƙara sauti da batirin mota. Jitar ko fenti babu. Ya kaɗa wata waƙa a hankali, tsohuwarsa ta bar dakan da take yi ta juya mana baya. Wata biyar ke nan da fara aikin.

Alhaji yana ganin komai. Kullum sai ya leƙo ya ce, "Kai, ɗan gida, hannunka akwai albarka." Shi ya kawo min fenti da man sheƙi, ya ce kyauta. Na yi mata launin hoton, na haɗa komai, ta fito kamar ita ce a hannun mamacin. Zan tafi da ita Alhaji ya ce haba, man bai gama bushewa ba, iska za ta watsa mata rairayi, in rataye ta a ɗakin ajiya. Ya ce dama yana so in je Ingal in kafa wa amininsa ƙofofi, kwana biyar ne kawai. Agali ma ya tafi biki a daji. Na rataye ta na tafi, ina ta yi wa Alhaji godiya kamar wawa.

Da na dawo, a gaban kanti na same ta, rataye a tsakanin takubba. Da farko ban gane ta ba. An kankare fentin gefe da takardar yashi, an bubbuga mata jiki da makulli, an ɗana mata wutar taba a ka. Sukurorin da na goge da hannuna an jiƙa su da ruwan gishiri sun yi tsatsa. A gaban kan an manna sunan wani kamfani da rubutun boko. Wata biyar ina gudun kada ƙwarzane ɗaya ya same ta.

Na shiga ciki na tarar da shi. "Alhaji, wa ya taɓa jitar Agali?"

"Zauna, ɗan gida."

"Ba zan zauna ba. Wa ya taɓa ta?"

Ya ce in kwantar da hankalina, akwai wani Bature da ya gan ta ya rikice, gobe da safe zai dawo. An gaya masa tsohuwa ce, daga Amurka wani matuƙin jirgi ya zo da ita tun kafin a haife ni. Ya ce wuyan ai da gaske tsoho ne, saboda haka rabin maganar gaskiya ce. Za a ba Buzun abin da zai sayi sabuwa, ni kuma kuɗin motata har Libiya.

"Wuyan na wansa ne da ya rasu."

"Allah ya ji ƙansa. Mamaci zai kaɗa jita ne? Kuma ka tuna, a ɗakina aka yi ta, da zartona, da fentina."

Ya sa aka kulle kantin a gabana. Na tsaya a titi ina kallon ƙofar, na rasa wanda zan kai wa ƙara a garin da ko takardar zama ba ni da ita. Ban koma gidan su Agali ba, don ban san da wane ido zan dubi tsohuwar ba.

Da safe Baturen ya zo da tafintansa, wani dattijon Ba'agadashe. Aka ba shi kujera ya zauna, ya ɗora jitar a cinya yana jujjuyawa. A gefensa ga akwati guda da ya riga ya saya jiya. Ya yi magana, tafinta ya ce, "Wai yana so a cire wuyan. Irin waɗannan tsofaffin, masu ƙera su suna barin shaida a cikin gurbin."

Ina leƙe daga bayan kantin na ga fuskar Alhaji ta canza, amma ya daure. Ya san shi bai ga na rubuta komai ba. Ya ƙwala min kira daga baya. "Isiya, zo ka kwance wa baƙo."

Wallahi har na sa sukuddireba ban tuna ba. Na sassauta tsirkiyoyi, na kwance sukurori huɗun, na ɗaga wuyan. Sai ga ta a kwance a cikin gurbin, baƙa ƙirin a jikin jan maɗaci. Ƙafar kaza da ɗigonta. Ban san ranar da na gasa ƙusar ba.

Baturen ya sa yatsa a kai ya yi tambaya. Alhaji ya yi caraf ya ce rubutun Buzaye ne, wani da ya taɓa mallakarta ya yi. Tafinta ya leƙa, ya kawar da kai, don ya san ba rubutun Buzaye ba ne.

Na ce wa tafintan, "Baba, don Allah gaya masa abin da zan faɗa, kada ka rage. Wannan alamar gidan mahaifina Malam Garba ce, a kwandon tumatir ake sa ta. Ni na ƙera jikin nan, bana."

"Isiya," in ji Alhaji, a hankali. "Kai da ni fa abu guda ne."

Wannan kalmar ce ta ƙarasa ni. Na zaro gudumata na nuna ƙotar, ga alamar. Na ce wa tafinta ya ce masa ya juya akwatin da ya saya jiya. Ya juya, ga ta. Na ce ya tashi ya duba ƙarƙashin kujerar da yake kai. Ya tashi ya kifa ta, ga ta nan. Dattijon yana fassarawa yana danne dariya. Baturen ya bi kantin yana ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya, kakannin Buzaye duk sun zama 'yan gidan Malam Garba. Ya ajiye akwatin a kan tebur, ya miƙa wa Alhaji hannu a buɗe, ba don gaisuwa ba.

Bayan sun fita Alhaji ya zage ni tas, ya haɗa da Kura da Bunkure da duk mai shan ruwan kanal. Ya rungume gangar jitar a ƙirji ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zan fita da ita ba. Masu gadinsa biyu suka tsaya a ƙofa. Amma wuyan yana hannuna, na riƙe shi kamar taɓarya, na ce duk wanda ya matso sai na fasa masa kai. Suka ba ni hanya. Na bar masa wata biyar na rayuwata, da fikof ɗin Arlit, da jakin maƙeri, na fita da abin da na shigo da shi.

Na sami Agali ya dawo daga biki, yana hura gawayin shayi. Na durƙusa na gaya masa komai, ban ɓoye wautata ba. Na ce ga wuyan dai na ƙwato, jiki kuma zan sake wani. Ya karɓa ya ce ba komai, Bakano, katako ai ba ya ƙarewa. Ya ɓamɓare sunan kamfanin da farce. Sai ya juya kan, babban yatsansa ya tafi inda ya saba zuwa.

Yatsan ya tsaya. Na leƙa. An goge wurin da takardar yashi, an shafe shi da dusar shayi don ya yi duhu. Babu zagaye, babu ɗigo. Alhaji ya ga sunan Buzu ba zai dace da labarin matuƙin jirgi ba.

Na ce, "Zana min haruffan a ƙasa, yanzu zan gasa ƙusa in mayar da su yadda suke."

Ya daɗe yana shafa wurin kafin ya amsa. "Sunan na sani, ba zan manta ba. Hannunsa ne babu."

Ya naɗe wuyan a rawanin, ya zuba min shayi, ya miƙo min. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Na ƙara wata huɗu a Agadas ina gyaran bencuna a tasha, har na sake haɗa masa wata. Ta yi sauti, yana kaɗa ta a biki, bayan kan nan kuwa ya bar shi fayau, bai yarda an sa komai ba. Libiya ta fita daga raina. Na biyo motar albasa na dawo gida, na tarar ana dashen tumatir.

Bayan shekara uku ina kasuwar Kura ina sayen ƙusa, wani direba ya tare ni ya ce ko ni ne Isiyaku kafinta da ya zauna a Agadas. Na ce ni ne. Ya ce Alhaji Mamuda ya tsufa, ciwon ƙafa ya kwantar da shi, kullum yana cewa a duk waɗanda suka yi masa aiki ba mai hannuna. Ya ce in an gan ni a ce yana gaishe da ɗan gida.

Mutanen da ke wurin suna jiran in ce ina amsawa, kamar yadda kowa ke cewa. Na karɓi ƙusata na ƙulle a leda.

Na ce, "In ka koma, ka ce masa ban amsa ba."